Gurbin da Gilashi Bai Zuba Ba

Ana shafa fatihar ɗaurin aure a wani gida a Kibiya, sai hayaniya ta tashi a bayan masallaci, inda baƙi suka jera motoci. Ko da muka isa, tagar baya ta dama ta motar kawuna ta tarwatse, samari kuma sun riƙe wani yaro ɗan kiwo, da danko rataye a wuyansa. Har wani ya riga ya sharara masa mari. Yaron sai rantsuwa yake yana cewa wasu mutum biyu ya gani a kan babur, amma ba mai saurarensa. Danko a wuya, gilashi a ƙasa, ai shari'a ta ƙare a wurin taron.

Kawu ɗan kasuwar hatsi ne, ya saba da rigimar awo, ba ya yanke hukunci da zafi. Ya ce, "Samari, ku sakar mini shi. Idan dutse ya harba, ai dutsen bai da ƙafa. Ku nemo mini shi." Aka duba kan kujera, aka ɗaga shimfiɗar ƙasa, aka leƙa ƙarƙashin mota. Babu dutse.

Sai wani dattijo ya ce ƙila zafin rana ne, ya taɓa ganin gilashi ya fashe da kansa. Maganarsa ba shirme ba ce. Gilashin gefe daban yake da na gaba. Na gaba falle biyu ne da roba a tsakani, in an doke shi tsagewa yake yi ya tsaya. Na gefe kuwa gasa shi ake yi da zafin da ya haura digiri 600, a sanyaya shi farat ɗaya, sai bayansa ya ɗaure tamau. Shi ya sa yake jure naushi, amma da zarar ya sami rauni guda, duk fallen yake rugujewa ƙanana-ƙanana kamar gishirin Bilma. Wani lokaci aibin da ya taho da shi daga masana'anta kan sa ya fashe ba wanda ya taɓa shi. To amma hunturu ake yi, motar kuma a inuwar darbejiya take. Sannan ƙofar da Kawu ya kulle da hannunsa mun same ta a buɗe.

A nan ne direban wata motar haya, wanda ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba, ya nuna kujerar da yatsa. "Alhaji, me ka ajiye a nan?" Ɓarɓashin gilashi ya rufe kujerar baya gaba ɗaya, ban da wani gurbi mai kusurwa huɗu, bai fi faɗin tafi biyu ba, tas da shi. Ma'ana akwai abin da ke zaune a wurin lokacin da gilashin ya zubo, daga baya aka ɗauke shi. Yaron da ya yi kuskuren harbi gudu zai yi, ba zai tsaya zura hannu ba.

Kawu ya yi shiru, ya ce bai tuna ba. Takardun mota suna nan, babbar rigarsa tana nan, batir na nan, aka murza makulli mota ta tashi. Ɓarawon da ya fasa taga ya bar duk wannan, lallai abu ɗaya ya zo nema, kuma ya san inda yake.

Muka liƙe tagar da leda, muka biya ofishin 'yan sanda aka rubuta rahoto, muka kamo hanyar Rano ƙura na shigowa ta ko'ina. Bakanikenmu ya kwance murfin ƙofar, domin in aka bar ɓarɓashi a ciki yakan ci injin ɗaga gilashi ya kuma karce sabon da za a sa. Yana shara da buroshi sai ya tsaya, ya ɗago wani ɗan farin abu da bai kai ƙwayar masara ba, ya ɗora a tafin Kawu. Ba gilashi ba ne. Tangaran ne, irin farin da ke jikin fulogin babur. Ya ce ɓarayi kan farfasa tsohon fulogi su riƙe gutsuren a aljihu. Tangaran ɗin ya fi gilashi tauri, bakinsa da kaifi, in aka jefa shi taga sai ta zube ba tare da wata ƙara mai yawa ba. Shi ya sa mutum sama da ɗari suna zaune a ƙofar gida ba wanda ya ji.

Yanzu mun san da me aka fasa, saura me aka ɗauka. Amsar ta zo bayan sallar isha'i, daga bakin matar Kawu. Ta tambaye shi ko ya miƙa wa uwar amarya saƙon da ta ce ya saya. Kawu ya dafe kai. Sabulun wanki ne, sanda-sanda, wanda ya saya da safe a Rano aka ƙulle masa a baƙar leda, ya jefa kujerar baya ya manta.

Wa zai fasa mota saboda sabulu? Sai muka bi sawun safiyar. Kafin ya shiga kantin da ya sayi sabulun, Kawu ya tsaya a rumfar mai POS ya ciri kuɗin waken suya da zai biya manoma, domin mutanen ƙauye, tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, sun fi yarda da abin da suka ƙirga da hannu. Kuɗin ya zura su a aljihun 'yar ciki, ya shiga kantin da ke maƙwabtaka, ya fito da leda a hannu. Duk wanda ke hange daga tsallaken titi, abin da ya gani shi ne Alhaji ya karɓi kuɗi ya fito da ƙullin baƙar leda mai kusurwa huɗu. Mai shayin da ke wurin ya tabbatar mana cewa wasu baƙin fuska biyu sun zauna a bencinsa da safen, ba su shanye shayinsu ba suka hau Boxer suka bi bayan motar. Hanyar nan da ta taso daga Karfi ta ratsa Bunkure da Rano zuwa Kibiya ba ta rabuwa da babura, ba direban da zai lura da guda ɗaya a madubi. Washegari wani manomi ya tsinci ledar a gefen gonarsa, an yage ta, sabulun a warwatse. Ina jin takaicinsu bai gaza namu ba.

Gyaran bai ɗauki dogon lokaci ba. A kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano aka samo gilashi ɗan Beljiyam, bakanike ya gwada shi da na ɗaya ɓangaren kafin ya ɗaura. Inshorar da Kawu ke biya, ta naira 15,000 ɗin nan, ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, don haka daga aljihunsa ya gyara. Da kansa kuma ya koma Kibiya wurin mai unguwa, aka kira yaron da mahaifinsa, ya faɗi abin da aka gano a gaban jama'a. Saurayin da ya yi marin bai zo ba.

Ɓarayin ba a kama su ba. Masu zuwa sayen amfanin gona a wannan yanki, in kun karɓi kuɗi a bainar jama'a, kada ku bar ko ledar gyaɗa a kan kujera.