Daga Sakatariya Zuwa Seminari: Idan Kiran Zama Fada Ya Riski Mutum Da Furfura

A duk safiyar ranar aiki, kafin motocin ma'aikata su cushe hanyar Sakatariyar Tarayya, akwai waɗanda ke fara biyawa ta cocin Our Lady Queen of Nigeria da ke Area 3 a Garki, su halarci Misar safe, sannan su nufi ofis. Akasarinsu magidanta ne masu fafutukar kuɗin makaranta da na haya. Sai dai jefi-jefi akan samu tuzuru ko wanda matarsa ta rasu, mai shekara 35 ko 40, ga muƙami ga albashi, amma wata tambaya ta hana shi sakat: shin ya ajiye aikin nan ya tafi ya zama Fada?

A Nijeriya an saba ganin hanyar zama limamin Katolika tana farawa tun daga ƙuruciya. Yaro yakan shiga ƙaramar seminari, irin ta Saints Simon and Jude da ke Kuje, ya gama sakandare, ya zarce babbar seminari, a naɗa shi yana wajen shekara 30. Wanda kiran ya zo masa bayan ya yi shekara goma yana ɗaukar fayil, hanyarsa daban ce, kuma abin da zai sadaukar ya fi yawa.

Abin da dokar coci ta ce

Kundin dokokin Cocin Katolika na 1983 ya ƙayyade mafi ƙarancin shekaru ne kawai: ba a naɗa firist sai ya cika shekara 25, ba a naɗa dikon mai shirin zama firist sai ya cika 23, kuma dole a samu tazarar aƙalla wata shida tsakanin naɗin biyu. Kundin bai sa iyaka ta sama ba. Hasali ma, doka ta 233 ta umarci bishop-bishop da firistoci da su taimaka wa maza masu manyan shekaru da ke ganin an kira su, su kuma shirya su yadda ya dace. Takardar jagorar horar da firistoci da fadar Batikan ta fitar a ranar 8 ga Disamba, 2016, ita ma ta ware wa irin waɗannan mutane nasu bayani.

To amma abin da ke rubuce daban, yadda ake aiki da shi daban. Bishop ne ke da wuƙa da nama wajen karɓar ɗan takara, kuma dayosis-dayosis da ƙungiyoyin mishan da yawa a ƙasar nan kan sa nasu ƙa'idar shekaru, wadda ta fi karkata ga matasa. Don haka mai shekara 38 ba ya shiga sahun masu cika fom kamar kowa. Batunsa na mutum ɗaya ne, da za a zauna a duba a tsanake tsakaninsa da Fadan da ke kula da masu neman shiga, daga nan a kai wa bishop.

Akwai shinge guda da ba a tsallake shi da sauƙi, wato aure. Firist a ɓangaren Latin na Cocin Katolika, wanda shi ne mafi rinjaye a Nijeriya, yana ɗaukar alkawarin zama ba aure har ƙarshen ransa, kuma doka ta hana naɗa mutumin da matarsa ke raye. Wanda matarsa ta rasu yana iya nema, amma za a duba ko 'ya'yansa sun tsaya da ƙafafunsu. Babu bishop da zai karɓi uban da zai bar marayu ba mai riƙe su.

Shekara tara ba kwana tara ba

Doka ta tanadi aƙalla shekara shida na karatu: biyu na falsafa, huɗu na ilimin tauhidi. A Nijeriya abin ya fi haka tsawo. Yawanci akan fara da shekarar tarbiyyar ruhaniya, sai shekara huɗu na falsafa, sai shekarar aiki a coci, sai shekara huɗu na tauhidi. Jimilla takan kai tara zuwa goma. Digirin da mutum ya zo da shi, na lissafin kuɗi ne ko na injiniya, ba ya ɗauke masa falsafa da tauhidi, ko da yake bishop na iya la'akari da karatun da ya yi a baya.

Mu ɗauki misalin ma'aikaci mai shekara 38 a mataki na 12. Idan ya shiga bana, zai kusanci shekara 48 kafin a ɗora masa hannu. A tsawon wannan lokaci tsaransa na ofis za su zama mataimakan daraktoci, wasu ma daraktoci. Shi kuwa zai koma kwanan ɗakin ɗalibai, ya tashi da ƙararrawa, ya nemi izini kafin ya fita ƙofa, ya rubuta jarrabawa tare da samarin da ya girme wa da shekara 15 ko fiye. Wataƙila wanda zai koyar da shi a aji sa'an ƙaninsa ne. Ga wanda ya saba a miƙe masa idan ya shigo ofis, wannan kaɗai jarrabawa ce.

Duk da haka lissafin bai tsaya a asara ba. Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Fadan da ke riƙe da coci kuwa sai ya cika 75 ake neman ya miƙa takardar murabus. Wanda aka naɗa yana da 48 yana da kimanin shekara 27 na hidima a gabansa, idan Allah ya ba da rai da lafiya.

Batun fansho da dangi

A nan ne ma'aikaci ya kamata ya buɗe ido. A ƙarƙashin Dokar Gyaran Fansho ta 2014, kuɗin da aka tara wa ma'aikaci a asusunsa, kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa da kashi 10 daga wanda ya ɗauke shi aiki, suna nan da sunansa ko da ya ajiye aiki. Amma bai isa ya fara cin moriyarsu gaba ɗaya ba sai ya cika shekara 50. Kafin nan, abin da doka ta ba da dama shi ne cire har kashi 25 cikin ɗari ga wanda ya bar aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba. Idan akwai bashin gida, ko na ƙungiyar adashen ma'aikata, ko na banki da ake cirewa daga albashi, wajibi ne a warware shi tukuna, domin ɗalibin seminari ba shi da albashi.

Sai kuma dangi. Albashin ma'aikacin Abuja ba nasa ba ne shi kaɗai: akwai tsohuwa a ƙauye, akwai ƙanne a jami'a, akwai 'ya'yan 'yan'uwa. Ranar da ya ce zai ajiye aiki, tukwane da dama ne za su ji a jikinsu. Idan kuma shi ne babban ɗa ko ɗa namiji tilo, batun zuri'a zai taso, kuma ba ƙaramin batu ba ne a kowace ƙabila a ƙasar nan. Wanda bai iya zama da mahaifiyarsa ya faɗa mata gaskiya ba, bai shirya ba tukuna.

Haka kuma ƙofar siyasa da muƙami tana rufewa. Dokar coci ta hana limamai riƙe muƙamin gwamnati mai ɗauke da iko, ta kuma hana su kasuwanci ba tare da izini ba. Masu bibiyar siyasa za su tuna cewa a 2022 Bishop William Avenya na Gboko ya dakatar da Fada Hyacinth Alia daga aikin limanci bayan ya shiga neman takarar gwamnan Binuwai, kujerar da ya hau a 2023. Hadimin ɗan siyasar da ke tunanin zai riƙe ƙafa ɗaya a coci ɗaya a jam'iyya, ya san da wannan tun wuri.

Ba su ne farau ba

Tarihin coci cike yake da waɗanda suka makara. Ambrose gwamna ne na daular Rum mai mazauni a Milan lokacin da jama'a suka zaɓe shi bishop a shekara ta 374, alhali ko baftisma ba a yi masa ba. Shi ne ya yi wa Augustine, ɗan Arewacin Afirka kuma malamin balaga, baftisma a 387. Aka naɗa Augustine firist a Hippo, cikin Aljeriya ta yau, a 391, yana da shekara 36. Ignatius na Loyola soja ne da aka karya wa ƙafa a yaƙin Pamplona a 1521, bai zama firist ba sai 1537, ya haura shekara 45. Charles de Foucauld, tsohon hafsan sojan Faransa, an naɗa shi a 1901 yana da 42, ya ƙare rayuwarsa a tsakanin Buzaye a Tamanrasset, inda aka kashe shi a 1916.

A gida kuma akwai Cyprian Michael Iwene Tansi, wanda aka haifa a 1903. Ya yi aikin koyarwa har ya shugabanci makaranta kafin ya shiga seminari, aka naɗa shi a 1937. A 1950 ya sake barin komai ya shiga gidan masu zuhudu na Mount Saint Bernard a Ingila, ya koma sabon shiga. Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana shi a matsayin mai albarka a watan Maris na 1998, a ziyarar da ta kawo shi har Abuja.

Wasu ƙasashe sun ware makarantu musamman domin irin waɗannan mutane. Kwalejin Beda da ke Rum, wadda aka kafa a 1852, da seminarin Pope St. John XXIII da ke jihar Massachusetts ta Amurka, wadda aka buɗe a 1964, dukansu manyan mutane suke horarwa. A nan kuwa, babba da yaro aji ɗaya suke zama, a St. Augustine da ke Jos ne, ko Good Shepherd ta Kaduna, ko seminarin Ƙungiyar Mishan ta St. Paul da ke Gwagwalada, ƙungiyar da Kadinal Dominic Ekandem ya kafa a 1977.

Kira ne ko gajiya?

Tambaya mafi wuya ita ce wannan. Mutumin da aka tsallake wajen ƙarin girma sau biyu, ko wanda neman aurensa ya watse, ko wanda maigidansa ya faɗi zaɓe, yana iya ɗaukar ɓacin rai a matsayin kira. Shi ya sa coci ba ta gaggawa. Takan nemi mutum ya samu Fadan da zai riƙa yi masa jagora na tsawon lokaci, ya riƙa keɓewa domin addu'a, ya shiga hidimar cocinsa: ziyarar marasa lafiya, koyar da katekizim, taimakon gajiyayyu. Za a nemi takardun baftisma da na tabbatarwa, da shaidar Fadan cocinsa, da binciken lafiyar jiki da ta tunani. Ignatius ya bar wata ƙa'ida da har yau ake aiki da ita: kada mutum ya sauya shawara a lokacin da zuciyarsa ke cikin ƙunci. A koyarwar Katolika, jin kira a zuci bai wadatar ba, sai coci ta tabbatar da shi ta bakin bishop, kuma tana iya cewa a'a ko da bayan shekara bakwai.

Wanda ke tsammanin hutu zai tafi, ya dubi abin da ke faruwa. A Janairun 2020 aka sace ɗalibai huɗu daga seminarin Good Shepherd, aka kashe ɗaya daga cikinsu, Michael Nnadi, mai shekara 18. A Janairun 2023 aka ƙone Fada Isaac Achi a gidansa da ke Kafin Koro a Jihar Neja, mutumin da ya tsira daga harin bam na ranar Kirsimetin 2011 a cocin St. Theresa da ke Madalla. Farar riga ba sulke ba ce.

A ɗaya gefen, cocin Abuja na buƙatar hannaye. Ta faro a matsayin ƙaramar mishan a 1981, ta zama dayosis a 1989, ta zama babbar dayosis a 1994 a ƙarƙashin John Onaiyekan, yanzu kuma Akbishop Ignatius Kaigama ke jagorantarta tun 2019. Garin na ci gaba da faɗaɗa zuwa Kubwa, Lugbe, Karshi da Kwali. Fadan da ya taɓa jiran albashi, ya taɓa rigima da mai gidan haya, ya san yadda ake shirya kasafin kuɗi da yadda cin hanci ke shigowa ofis a lulluɓe, yana da abin faɗa wa magidancin da ya zo masa da damuwa.

Ga sauran ma'aikata, Musulmi da Kirista, da wata rana abokin aiki zai zo musu da wannan magana, abin da ya fi shi ne kada a yi masa dariya, kada kuma a zuga shi. A tambaye shi ko ya biya bashinsa, ko ya yi magana da iyayensa, ko ya yi shekara guda yana shawara da wanda ya san hanya. Shi kuma ya riƙe takardar ajiye aiki a aljihu har sai ta bishop ta zo hannunsa, domin ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.