Mu Duba Ƙofofin Kwamfuta Kafin Ɓarawo Ya Riga Mu

Ranar 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa. A Ingila, asibitocin gwamnati sun soke alkawuran ganin likita kimanin 19,000. Abin takaici, kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran tun watan Maris, amma da yawa ba su sa shi ba.

Kowace kwamfuta tana da ƙofofi masu lamba, inda saƙonni ke shiga da fita. WannaCry ta bi ta ƙofa ta 445, wadda Windows ke raba fayil ta cikinta. Manhajar Nmap, wadda Gordon Lyon ya fitar kyauta a 1997, takan ƙwanƙwasa ƙofofin nan, ta faɗi waɗanda ke buɗe. Wireshark kuwa takan nuna saƙonnin da ke wucewa, a gane baƙon da ya kutso.

Saboda haka, jama'a, mu riƙa bincika kwamfutocin ofis da na makaranta, mu rufe ƙofar da ba ta da aiki, mu sa gyara da zarar ya fito. Kada dai mu bincika na wani sai da izininsa.