Abin da Takun Mai Sankarar Ɓargo Ke Faɗa wa Likita

Myeloma sankara ce da ke kama ƙwayoyin garkuwar jiki a cikin ɓargo, kuma sau da yawa ɓarnarta a ƙashi take fara bayyana. Tana zaizaye ƙashin baya da na ƙugu har su yi rauni, ta haifar da ƙarancin jini. Magungunanta ma suna da nasu tabon: bortezomib da thalidomide kan taɓa jijiyoyin ƙafa, mutum ya riƙa jin tafinsa ya mutu ko kamar ana tsira masa allura, dexamethasone kuwa yakan sanyaya naman cinya har tashi daga kujera ya gagara sai an dafa. Duk wannan a tafiya yake fitowa. Amma galibi likita da ido da tambaya yake aunawa, dattijo kuwa ko yana jan ƙafa zai ce "da sauƙi".

Shi ya sa nake ganin amfani da ƙirƙirarriyar basira a nan ya dace. Binciken da aka wallafa a mujallar Blood a 2019, kan tsofaffi masu sankarar jini a cibiyar Dana-Farber ta Boston a Amurka, ya nuna cewa raguwar saurin tafiya na tafe da ƙaruwar haɗarin kwanciya asibiti da mutuwa. Agogo zai iya auna sauri, sai dai ba ya ganin yadda taku ke gajarcewa ko yadda mutum ke karkata gefe guda don kare ƙugun da ke ciwo. Manhajoji irin su OpenPose na Jami'ar Carnegie Mellon da OpenCap na Jami'ar Stanford suna bin gwiwa da idon sawu da ƙugu a bidiyo, su mayar da motsin zuwa lambobin da za a kwatanta wata bayan wata. Idan aka gano canjin da wuri, likita na iya rage bortezomib ko ya tura majinyaci gashin ƙashi kafin jijiyar ta lalace, kafin faɗuwar da za ta karya ƙashi.

Masu shakku na cewa na'ura tana ganin ɗingishi amma ba ta san dalilinsa ba. Gaskiya ne, kuma iyakarta ke nan. Raunin ƙafa kwatsam na iya nufin ƙashin baya ya danne laka, wannan kuwa hoton MRI yake buƙata a ranar. Aikin manhajar ta ja hankalin likita, hukunci na likitan ne. Ƙorafi na biyu ya fi damuna. Cutar ta ninka wajen sau biyu a baƙar fata idan aka kwatanta da Turawa, ga shi manhajar da ke neman gwiwa za ta sha wahala da babbar riga ko zani. Kada asibiti ya dogara da irin wannan awo sai an gwada shi a kan masu myeloma kansu, har da mutanenmu cikin suturar da suke zuwa asibiti da ita.