Amfanin Folima Wajen Hana Kwaɓin Siminti Tsanewa a Rijiyoyin Mai

A shekarar 2019 aka ba da sanarwar samun man fetur a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. Kowace rijiya irin wannan, tilas a ɗura kwaɓin siminti tsakanin bututun ƙarfe da bangon dutse. To, matsi yakan tura ruwan kwaɓin cikin dutsen, simintin ya yi kauri tun bai isa gurbinsa ba, gas kuma ta sami mafita. Maganin wannan shi ne folima, watau sinadarai masu dogayen sarƙoƙi, waɗanda ke riƙe ruwan. Matsanancin zafi yakan tsinka na selulos, amma na AMPS suna jure zafi da gishiri. Inda ake fargabar gas, abin so shi ne kada ruwan da ya tsane cikin awon minti 30 ya wuce mililita 50.