Mai Ɗaukar Duka da Mai Ɗaukar Kuɗi



A gidajen kallon ƙwallo na Haɗeja, ana tashi daga wasa sai gardama ta koma kan kuɗi: nawa wane yake ɗauka a sati, kuma ya cancanta? To, Amurkawa ma sun daɗe suna irin wannan musu a tasu ƙwallon, wadda ake rungumewa a ƙirji ana gudu da ita, kowa da hular kwano a ka.

Akwai ɗan wasan da aikinsa kenan, ya karɓi ƙwallo ya kutsa tsakiyar ƙarti, su taru su maka shi da ƙasa, ya tashi ya sake. Gwiwa da ƙugu ba sa jure haka, galibi kafin shekara 30 ƙarfi ya ja baya. Sai masu kulob suka ce me zai sa mu zuba masa dukiya, ga yara daga jami'a a araha? A 2023 New York Giants ba su ba Saquon Barkley, ɗan wasa irin wannan, dogon kwantiragi ba, sai na shekara ɗaya, kimanin dala miliyan 10. Ya koma Philadelphia Eagles a 2024, ya yi gudun yadi 2,005 a kakar, suka ɗauki kofin Super Bowl a Fabrairun 2025. Sannan aka kai shi sama da miliyan 20 a shekara. Shi kuwa mai jefa ƙwallo irin Dak Prescott miliyan 60 yake karɓa.

A ƙwallon da muka sani ma an yi haka. Claude Makelele, ɗan tsakiya mai ƙwato ƙwallo, ya nemi ƙarin albashi a Real Madrid, aka hana shi, ya tafi Chelsea a 2003. Taurari cike da fili, amma Madrid ba ta sake cin La Liga ba sai 2007. Manomin fadama ya san san huɗa ne ke cika rumbu, ko da dokin hawan sallah ake yi wa guɗa.

Ni dai ina tare da mai ɗaukar duka. Wanda jikinsa zai ƙare da wuri, a biya shi da wuri. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars, a 2010 ya wuce Holan, kuma ya cancanta. Amma mu nawa ne za mu iya kawo sunan 'yan tsakiyar da suke ƙwato masa ƙwallo? Lokacin da Jigawa Golden Stars ta hau babbar gasar ƙasa a 2019, har ta sauka a 2021, irin waɗannan yara ne suka sha tokari da taka. A kulob-kulob da dama na ƙasar nan albashi kan maƙale watanni, kuma yaron da gwiwarsa ta tsage sau da yawa wurin mai ɗori yake ƙarewa, da kuɗin mahaifinsa.