Lalata da Ɗiya Mata Ƙanana da Illarsa ga Tunani da Zaman Jama'a: Misalin Wahaya a Ƙasar Madawa

1. Gabatarwa

A wannan takarda za mu duba abin da ke samun yarinya idan babba ya yi lalata da ita tun tana ƙarama. Ra'ayinmu shi ne cutar ba ta tsayawa ga jiki, kuma abin da jama'a ke yi bayan aukuwar abin shi ke ƙara mata zurfi. Za mu kafa hujja da wahaya, al'adar da aka sani a ƙasar Madawa da Buza cikin jahar Tawa.

2. Mene ne wahaya?

Wahaya yarinya ce da ake saye daga zuriyar da ake ɗauka bayi, a kai ta gidan mai mata huɗu a matsayin “ta biyar”, ba sadaki ba ɗaurin aure. Rahoton da Galy Kadir Abdelkader da Moussa Zangaou suka yi wa ƙungiyar Timidria a 2012, kan yankunan Ƙonni, Madawa, Buza da Illela, ya nuna cewa mafi yawansu an sayar da su kafin su kai shekara 15.

Sanannen misali shi ne na Hadijatou Mani, daga ƙasar Ƙonni maƙwabciyar Madawa. An sayar da ita a 1996 kan jika 240 tana da shekara 12, kuma wanda ya saye ta ya yi mata fyaɗe kafin ta cika 13. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta kama gwamnatin Nijar da laifin rashin kare ta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10.

3. Illa ga tunani

A 1985 masana biyu na Amurka, David Finkelhor da Angela Browne, sun rarrabe hanyoyi huɗu da cutar ke bi. Na farko, ana jefa yarinya cikin sha'anin jima'i kafin hankalinta ya kai. Na biyu, cin amana: wanda ya kamata ya tsare ta shi ne ya cuce ta, ko ya miƙa ta. Na uku, rashin ƙarfi: ta koyi cewa ko ta ƙi, ba a jin ta. Na huɗu, tabo: ta ɗauka ita ce mai laifi. Daga nan ake ganin firgita cikin barci, yawan tsoro, baƙin ciki mai daɗewa da ƙin yarda da mutane. Binciken da Frank Putnam da Penelope Trickett suka soma a Amurka a 1987, wanda ya bi ƴan mata fiye da shekara 20, ya gano saurin balaga, ciwon damuwa da barin makaranta sun fi yawa ga waɗanda aka yi wa lalata.

A wahaya hanyoyin nan huɗu duk sun haɗu, kuma ba sau ɗaya ba ne: rayuwar yau da kullum ce.

4. Illa ga zaman jama'a

Yarinya tana koyon zaman duniya wurin uwa, ƙawaye da makaranta. Wahaya an raba ta da duka ukun, ga aikin gida da na gona. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe a gidansu ma takan rasa wasunsu: a cire ta daga makaranta, ko a gaggauta yi mata aure don rufin asiri. Kunya, wadda abin yabo ce a tarbiyyar Hausa, a nan sai ta zama garkuwar mai laifi, domin yarinyar ce ke yin shiru, shi kuwa yana shiga jama'a yadda ya saba.

5. Kammalawa

Doka ba ta yi shiru ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, a 2003 kuma bauta ta zama babban laifi a dokar hukunci. Amma Hadijatou Mani, da ta auri wanda take so bayan an ba ta takardar ƴanci a 2005, ita aka yanke wa wata 6 a kurkuku bisa zargin aure kan aure. Wannan ya nuna mana cewa tabon yana bin yarinya har gaban alƙali. Don haka muna ganin aikin malaman makaranta, ma'aikatan lafiya da sarakunan gargajiya na Madawa, Buza da Keita ya soma daga abu biyu: a saurari yarinyar da gaske, a kuma mayar da kunyar kan wanda ya aikata.