Tsarin Gida: Ɗabi'un da Ke Sauƙaƙa Hidimar Yau da Kullum

Tsarin gida shi ne a ware wa kowane kaya muhallinsa, a ware wa kowane aiki lokacinsa, sannan mutanen gida su riƙe hakan har ya zame musu jiki. Amfaninsa yana bayyana ta fuska uku: yana rage ɓata lokaci wajen neman abin da aka ajiye aka manta, yana rage asarar abinci da kuɗi, yana kuma kare lafiyar iyali. Yawancin abin da tsarin ke buƙata akwai shi a kowane gida, na mai hali da na talaka, domin sabo ne ginshiƙinsa, kayan aiki kuwa taimako kawai suke yi.

Muhallin kowane kaya

Gidan Bahaushe na gargajiya ya daɗe da sanin wannan ƙa'ida. Ana rataye ƙwaryar nono a ragaya don kada kyanwa ko kiyashi su kai gare ta. Ana rufe akushi da faifai, a adana tufafi a adudu, a girke randa a inuwa da moɗarta a kai, a ɗora rumbu bisa duwatsu don ya nisanci laima da gara. Dalilan da suka sa aka yi haka suna nan har yau, ko da kayan sun sauya.

Hanya mafi sauƙi ita ce a raba kayan gida kashi uku. Abin da ake amfani da shi kullum, kamar ludayi, ashana, tsintsiya da buta, yana zama inda hannu zai kai ba tare da wahala ba. Abin da ake buƙata jefi-jefi, kamar manyan tukwanen biki ko barguna da rigunan sanyi bayan wucewar hunturu, yana komawa saman kabad ko ƙarƙashin gado. Abin da ke da haɗari, kamar wuƙa, reza, kananzir da maganin sauro, yana zama inda yaro ba zai kai ba.

A birane, inda iyali kan zauna a ciki da falo, bango ne ke ceton fili. Ƙusa guda a bayan ƙofa ta isa ta raba mai gida da cigiyar makulli kowace safiya. Kanta a bangon ɗakin girki tana ɗauke robobi daga ƙasa, kwando a bakin ƙofa yana tattara takalman yara, maratayi kuma yana riƙe jakunkunan makaranta da hijabai. Sai dai duk dabarar jeri ba ta wadatar da ɗakin da kaya suka yi wa yawa. Shi ya sa yake da kyau a tace kaya sau ɗaya ko sau biyu a shekara, misali gabanin Sallah: tufafin da suka yi wa yara kaɗan a bai wa mabuƙata, ƙarafa da robobin da suka lalace a sayar wa 'yan gwangwan.

Ɗakin girki da ajiyar abinci

A nan ne tsari ya fi tasiri, domin a nan mafi yawan kuɗin gida ke tafiya. Ƙa'idar farko ita ce kowane abinci ya kasance cikin mazubi mai murfi: shinkafa, gari, wake, sukari, kuka da daddawa. Rufewar tana hana ƙwari da laima, tana kuma hana ɓera. Batun ɓera ya wuce ɓarnar hatsi, saboda zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno a yau, yana yaɗuwa ne ta abincin da fitsari ko kashin wani nau'in ɓera ya taɓa. Ƙa'ida ta biyu ita ce a fara amfani da tsohon kaya kafin sabo. Idan an sayo sabon gari, ba a zuba shi a kan ragowar na da. A ƙarar da wancan, a wanke mazubin, ya bushe, sannan a zuba.

Masu sayen hatsi da kaka, lokacin da yake araha, suna buƙatar tabbatar da ya bushe sarai kafin ajiya. Masara ko gyaɗar da aka ajiye da ɗanyantaka tana yin fumfuna, wadda kan haifar da guba mai lahanta hanta. Akwai gwaji mai sauƙi: a zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri a cikin busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin na buƙatar ƙarin shanya.

Ƙwari suna saurin cin wake, abin da ke sa wasu su zuba masa fiya-fiya, alhali guba ce da ba ta dace da abin ci ba. Buhun PICS ya kawo mafita. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka samar da shi tare da takwarorinsu na Afirka, aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure kowanne dam, iska ba ta shiga, sai ƙwarin su rasa numfashi su mutu. Jarka mai tsabta da aka cika ta har baki aka toshe murfinta ita ma tana yin wannan aikin ga mai ɗan wake kaɗan.

Kayan miya kuwa suna da nasu lissafin. Tumatir da tattasai suna araha da rani, su yi tsada da damina, don haka magidanta da dama kan yanka su shanya su, kamar yadda ake yi wa kuɓewa. Ga ɗanyen kayan lambu inda babu firji, akwai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda malami Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan jihar Jigawa, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana saka ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Yayin da ruwan yashin ke tsanewa ta jikin babbar tukunyar, yana tafiya da zafin da ke ciki. Ana ƙara ruwa safe da yamma. Dabarar ta fi aiki a lokacin zafi da bushewar iska, tana kuma raguwa idan damina ta kankama.

Game da dafaffen abinci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba kuma ba a firji ba. Ɗumamen da ya kwana sai an zafafa shi ya yi tururi har tsakiyarsa kafin a ci.

Ruwa

Gidan da ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, ko yake jiran famfo ya kawo, dole ya tanadi ajiya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a raba ruwan sha da ruwan aiki, kowanne da mazubinsa. Ruwan sha yana gurɓacewa ne galibi a cikin gida, ta hannu da kofin da kowa ke tsomawa. Bokiti mai famfo a gindi yana maganin wannan, haka ma moɗa mai dogon hannu da ake ratayewa bayan an ɗiba. Idan ana shakkar ruwan, a tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka.

Randa da duro suna buƙatar murfi da kuma wanki kowane mako. Wasu nau'o'in sauro suna yin ƙwai a ruwan da ke kwance cikin mazubai, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne. Juye ruwa da goge cikin mazubi mako-mako yana katse wannan zagaye. Tsofaffin tayoyi da gwangwanaye a tsakar gida su ma wurin hayayyafa ne da damina.

Wuta da makamashi

Ƙananan ɗabi'u suna tsawaita kwanan gas, gawayi da itace. Jiƙa wake kafin a ɗora yana rage lokacin dahuwa. Rufe tukunya, rage wuta da zarar an tafasa, da kammala yanke-yanke da jajjage kafin a kunna murhu, duk suna rage abin da ake ƙonawa a banza. Tukunyar gas tana zama a tsaye, a wuri mai iska, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. Ana gwada tiyo da kumfar sabulu: inda kumfa ta yi ta tasowa, nan ne ɓular take. Janareta kuwa muhallinsa waje ne, nesa da taga, saboda hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai kisa wadda ba ta da wari.

Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, yana da amfani a ware wuri guda na caji, ta yadda da zarar an kawo wuta za a jona waya da fitila gaba ɗaya. Ƙwan fitila na LED yana cin ƙasa da rubu'in wutar da tsohon ƙwai mai zafi ke ci. Firji yana riƙe sanyinsa kimanin awa 4 bayan ɗaukewar wuta idan ba a yawan buɗe shi, kuma gorunan ruwa da suka yi ƙanƙara suna ƙara masa juriya.

Takardu da magunguna

Takardar haihuwa, katin rigakafin yara, shaidar karatu, katin ɗan ƙasa, takardun fili da rasit na haya su taru a jaka guda mai hana ruwa, a ajiye a wuri mai tudu wanda manyan gida suka sani. Ɗaukar hotonsu a waya ƙarin kariya ne daga gobara, ambaliya da gara. Magunguna su zauna cikin kwalayensu na asali, nesa da rana da zafin murhu, a riƙa duba ranar ƙarewar wa'adinsu. Kada a zuba kananzir ko fetur a gorar lemo, domin yara kan ɗauka abin sha ne.

Rabon lokaci da aiki

Hausawa na cewa don tuwon gobe ake wanke tukunya. Aikin da aka rage da dare shi ke sassauta safiya: a wanke kwanuka, a goge kayan makaranta, a haɗa littattafai, a tanadi abin karin kumallo. Lokutan salla sun riga sun raba yini, don haka gidaje da yawa kan jingina ayyukansu da su, shara bayan Asuba, ɗora girkin dare bayan La'asar, kintsa ɗakin girki bayan Isha'i. Manyan ayyuka kamar wanki, niƙa da wanke randa sun fi tafiya daidai idan kowanne yana da ranarsa a mako.

Cefane ma yana buƙatar rubutu. Takarda a bangon ɗakin girki, inda ake rubuta duk abin da ya kusa ƙarewa, tana rage yawan aike da sayen abin da ba a shirya ba, tana kuma nuna wa mai gida inda kuɗi ke tafiya.

Tsari ba ya ɗorewa idan an bar wa uwar gida shi ita kaɗai. Ƙaramin yaro zai iya mayar da takalminsa kwando, na gaba da shi ya share tsakar gida, samari su ɗauki nauyin ɗebo ruwa da zubar da shara, mai gida ya kula da gyare-gyare, gas da takardu. Sabon tsari ya fi kama ƙasa idan aka fara da abu guda, kamar muhallin makulli ko rufe mazuban abinci, aka riƙe shi har kowa ya saba, sannan a ƙara wani a kai.